Ƙanƙara a Kan Madubin Shagona

Ni dai tun ina yarinya ba a taɓa yaba mini da haƙurin jira ba. Idan mutum ya fara magana ya tsaya yana "e to, wato," kafin ya lalubo kalmar na riga na miƙa masa ita, na ƙara masa da biyu kyauta. Shi ya sa maigidana ya laƙaba mini Rediyo tun farkon aurenmu. Da can abin dariya ne a gidan. Bayan ciwon da ya kwantar da shi kuwa, sai ya zama abin da ake yi mini faɗa a kai a asibiti.

Malamin kimiyya ne a makarantar sakandare. Ɗalibai na kiransa Malam Gangare, don kuwa ba ya shiga aji bai zana tudu a allo ya ɗora masa wani abu yana hawa ko yana gangarowa ba. Ni kuma ɗinki nake yi, shagona na jikin gidanmu. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, sai kawai ya sulale ƙasa, baki ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Bayan watanni ƙafar dama ta dawo amma da ja, hannun dama ya ƙi dawowa, magana kuma ta dawo a gutsuttsure. Hankalinsa na nan daram, ina ganinsa a idonsa. Kalmar ce kawai take zuwa bakinsa ta toge.

To ni ina zan iya zuba ido ina kallon mijina yana kokawa da harshensa? Da ya ce "Ba ni..." sai in ce, "Shayi ko?" in tashi in haɗa. Da ya ce "Ina..." sai in ce, "Tabarau? Ga shi nan." Yakan dube ni ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, ya karɓi abin da na ba shi. Yarinyar da ke koya masa magana a asibiti ta sha ja na gefe.

"Anti, don Allah ki riƙa bari ya ƙarasa da kansa. Ko zai ɗauki rabin yini, ki bar shi."

"To," nake ce mata. A raina kuwa in ce, ke da ba ki ajiye ko kyanwa a gida ba, me kika sani?

Rannan Shugaban makarantarsu ya zo duba shi. Mutumin kirki ne, amma ya zo da maganar da ta tsinka mini zuciya. Ya ce hutun jinya ya ƙare, kuma daga sama an ce a zaɓi ɗaya: ko a yi wa Malam ritaya saboda rashin lafiya, ko ya nuna zai iya tsayawa gaban aji. Ya roƙa an ba shi dama ɗaya. Ranar Alhamis mai zuwa Malam zai koyar da 'yan ajin ƙarshe darasi guda, shi Shugaba yana zaune a baya. Idan ya iya, ajinsa ya dawo hannunsa. Idan bai iya ba, shi ke nan.

Yaya, wato yayar maigidana, tana nan a falon lokacin. Ta ce, "Haba, ranka ya daɗe, wane irin aji kuma? A bar bawan Allah ya huta mana. Yara su je su yi masa dariya?"

Sai muka ji ƙwas! Malam ne ya buga sandarsa a ƙasa. Jijiyar wuyansa ta tashi, leɓensa na rawa.

"A... a'a," ya ce. "Al... al..."

"Alli yake so," na ce. "A kawo masa alli."

Wannan karon dai na canka daidai. Kuma wallahi tun da ya kwanta ban ga idonsa ya yi haske irin na ranar ba. Mutumin da ke wuni yana kallon bango, ko rediyon gaske aka kunna masa sai ya juya baya. A nan na gane idan aka raba shi da ajin nan, ba hutu za a ba shi ba, kashe shi za a yi a zaune. Tsoro ya kama ni, kuma bai sake ni ba har ranar Alhamis.

Darasin da ya zaɓa shi ne wanda ya ba shi sunansa. A ce ga tudu mai santsi sumul, babu abin da ke riƙe abu ko ya goge shi. An cilla wani abu ya hau tudun da gudu. Ina zai kai kafin ya tsaya ya juyo? Na ce masa, "Malam, a duniyar nan ina aka taɓa samun tudun da babu gogayya? Ko tayil aka wanke da sabulu ai akwai ɗan abin da zai riƙe ka." Ya yi murmushin nan nasa na ɓari ɗaya, ya nuna firij, ya kuma nuna ƙofar shagona. Na yi ta kawo masa abubuwa yana girgiza kai, har na gane: dogon madubin da masu gwada kaya ke duba kansu yake so, da gutsuren ƙanƙara.

Muka kwantar da madubin a falo, muka tokare kansa da matasan kujera har ya yi gangare. Ya sa hannun hagu ya ture ƙanƙarar. Ta hau sululu, ta rage gudu, ta tsaya cak kamar mai tunani, sannan ta gangaro ta faɗo masa a tafin hannu. Ni da nake uwar manyan yara sai da na ce, "Kai! A sake!"

Kullum da yamma idan na rufe shago sai mu hau maimaita darasin. Na sa kafinta ya shafa wa wani falle na katako baƙin fenti, Malam yana koyon rubutu da hagu a kai, haruffan suna fitowa a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Lissafin kuwa har ni na haddace shi. Gudun abin mita goma ne a sakan ɗaya. Tudun ya tashi digiri talatin. Jan ƙasa, idan sama ka cilla abu tsaye, goma yake zaftare wa gudunsa kowane sakan, amma a irin wannan tudun rabi kawai yake samu, wato biyar. Sai ka ninka gudun da kansa, goma sau goma ɗari. Ka raba da biyar ɗin nan sau biyu, wato goma. Amsa mita goma. Ina taka keken ɗinki ina rera shi kamar waƙa.

Inda matsalar take, kalmomi uku ko huɗu ne kullum suke toge masa. Ya ce, "Idan babu go... go..."

"Gogayya."

"Sai jan... jan..."

"Ƙasa."

Mu yi ta tafiya haka, shi ya ɗauko, ni in sauke. Darasin na tafiya sumul, ni kuma ina jin daɗi, ina cewa ai mun gama da matsalar. Sai daren Laraba da muke cin abinci Yaya ta ce, "To ke Rediyo, aji za ki bi shi ki riƙa cike masa?" Na ce mata Allah zai kawo mafita, amma abincin nan ban ƙara kai hannu cikinsa ba.

Da safe na goge masa farar rigarsa, na naɗe madubin cikin bargo, na cika fulas da ƙanƙara. Mai tasi ya yi ta mita wai madubin zai fasa masa gilashi, na ce ya ja mota ko in sauka in nemi wanda ya san darajar mutane. Malam na gaba, hannunsa na hagu na kan gwiwarsa yana rubuta lambobi da yatsa.

Shugaba ya tarbe mu a bakin ofishinsa. Ya gaisa da Malam, ya juyo gare ni.

"Uwargida, sannu da ƙoƙari. Yaya dai, ya shirya?"

Da na yi shiru, ko na ce "Alhamdu lillahi" kamar kowace mace mai hankali, da an wuce wurin. Amma ina! Bakin nan nawa ya buɗe. "Ai ranka ya daɗe kada ka ji komai. Ya haddace shi tsaf. Kullum sai mun maimaita, har ni nan na iya, ko daga barci ka tashe ni zan kawo maka shi, amsa mita goma."

Na ga girarsa ta ɗan ɗaga. "Haka ne?" ya ce. Ya dubi Malam, ya dube ni. "To madalla. Sai dai ke kam za ki jira a nan, ga kujera. Ba a shiga da kowa."

Ɗalibai biyu suka ɗauki madubin da fulas ɗin, suka wuce. Na bi bayan Malam da kallo yana jan ƙafa a doguwar barandar nan, ƙwas, shuu, ƙwas, shuu, har ya shige ajin ƙarshe. Na zauna a kujerar. Na tashi. Na sake zama. Kujerar nan kamar an shimfiɗa mata allurai. Da na ga masinja ya shiga ofis, sai na zame na zagaya ta bayan ginin, na tattake musu furanni, na sami wani bulo na hau. Tagar ƙarshe a buɗe take. Daga nan ina ganin allo, ina ganin ƙeyar Shugaba a kujerar baya, ina ganin mijina.

Yaran sun yi tsit, irin shirun da ake yi wa mara lafiya, wanda ya fi dariya ciwo. Malam ya jingine sandarsa, ya sa aka tokare madubin da littattafai a kan tebur. Ya ɗauko ƙanƙara ya ture ta. Ta hau, ta tsaya, ta dawo. Wata yarinya a gaba ta yi dariya, wani ya ce, "Malam a sake!" Ajin ya ɗan saki jiki, ni ma na saki numfashi.

Ya juya ga allo ya zana tudunsa da hagu. "Idan... babu... go..."

Ya tsaya. Na leƙa da kaina sosai, na buɗe baki ina yi masa kalmar ba sauti. Idonsa ya faɗo kaina. Ya gan ni sarai, sai ya kawar da kai, ya ɗora tafin hannunsa a kan tebur ya goga shi da ƙarfi, ya dubi yaran.

"Gogayya!" suka ce baki ɗaya.

Ya nuna su da alli, ya gyaɗa kai. Haka ya yi ta lallaɓawa. Wata kalmar ta fito, wata ya rubuta ta, wata yaran su kawo. Zufa ta jiƙe masa bayan riga har ana ganin singileti. Goma sau goma, ɗari. A raba da goma. Ya rubuta mita goma, ya ja layi a ƙasa. Na ce Alhamdu lillahi, har na fara neman inda zan sa ƙafa in sauka daga bulon.

Sai na ga hannun Shugaba ya tashi.

"Malam, a gafarce ni. Ni ɗalibi ne mai nauyin kai. Da a ce gudun ba goma ba ne, ashirin ne, tudun kuma yana nan yadda yake, ina abin zai kai?"

Innalillahi! Ni na jawo. Ni na ce masa hadda ce, shi kuma yana so ya gani ko akwai wani abu a bayan haddar. Malam ya tsaya da alli a hannu, bai motsa ba.

Amma ai wannan ba wuya, na ce a raina. An ninka gudu, sai a ninka nisa. Riga ɗaya yadi uku, riga biyu yadi shida, wa zai koya mini wannan? Na ɗaga hannuwana biyu na ware yatsu goma, na dunƙule, na sake warewa. Bai duba ba. Na kaɗa hannu. Bai duba ba. Sai na ji muryata ta fita, ƙasa-ƙasa amma ta fita:

"Ashirin!"

Yaran da ke kusa da tagar suka waiwayo. Shugaba bai juyo ba, amma na ga kafaɗarsa ta motsa. Malam ya ajiye allin. Ya ɗauki sandarsa, ya taho. Tun daga gaban allo har ƙarshen aji, tsakanin kujeru, ƙwas, shuu, ƙwas, shuu, kowa na binsa da ido. Ya iso tagar, muka yi ido huɗu. Na zaci zan ga fushi, ban gani ba. Gajiya na gani, da wani abu kamar roƙo. Ya sa hannun hagu ya jawo murfin tagar ya rufe, na ji ya sa sakata.

Shekara ashirin da wani abu muna tare, mutumin nan bai taɓa rufe mini ƙofa a fuska ba. Na sauka daga bulon na zauna a kansa. Kunya ta ishe ni, haushi ya ishe ni, tsoro kuma ya fi su duka. Ta cikin katakon ba na jin komai sai ƙiiƙii ɗin alli, shi ma ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya.

Don in hana kaina ihu, na lalubo allin ɗinki a jakata, na fara rubutu a jikin bangon makarantar mutane. Na ce bari in bi waƙar tawa da sabuwar lamba, in tabbatar wa kaina. A ninka gudun da kansa. Ashirin sau ashirin. Na rubuta ɗari huɗu. A raba da goma.

Na dubi abin da hannuna ya rubuta. Na goge da gefen mayafi na sake. Arba'in ya sake fitowa.

Wayyo ni! Ashe ba yadi ba ne. Gudun da kansa ake ninka shi, in ya ninku biyu nisan huɗu yake ninkuwa. Amsar banza na jefa masa, a gaban Shugaba, a gaban yara. Kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, watannin nan duk abin da na sa masa a baki karɓa yake yi. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya karɓa. Idan kansa ya ɗaure, ya lalubi lamba bai samu ba, wacce zai kama in ba wadda matarsa ta miƙo ba? Na tashi zan buga tagar in ce arba'in ne. Hannuna har ya kai katakon. Sai na tuna fuskarsa, na janye hannun, na cusa gefen mayafina a baki na cije.

Ban san tsawon zaman da na yi a wurin ba. Na ji wani abu ya faɗi a ciki, ko alli ko sanda. Na ji shiru mai tsawo. Na ji hayaniyar yara ta tashi, ban gane ta murna ce ko ta dariya ba. Ni dai ina zaune ina cizon mayafi ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har aka kaɗa ƙararrawa.

Na zagayo da gudu. Yara na fitowa, Shugaba kuwa ya riga ya tafi da Malam ofis tun kafin a kaɗa ƙararrawar. Na kutsa cikin ajin, idona ya sauka a allo. Ga shi nan ɓaro-ɓaro da rubutunsa na hagu: ashirin. Na dafa tebur.

"Mama, lafiya?" Yarinyar nan ce ta gaba, tana naɗe mini madubi cikin bargo.

"Ashirin ya rubuta?"

"E, ya rubuta ya ce wa ya yarda. Kusan duk muka ɗaga hannu." Ta yi dariya. "Sai ya sa kowa ya lissafa da kansa. Ki duba can ƙasa mana."

Na matsa. Ashe akwai wani siririn layi da ya soke ashirin ɗin, hannun hagu bai danna allin sosai ba. A ƙasa kuma, a kusurwar allo inda wuri ya ƙure masa, ga ɗari huɗu, ga goma a ƙarƙashinta, ga arba'in an kewaye ta da wani karkataccen zobe.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Lissafi daban, magana daban, kuma na ga yadda ya sha wuya kafin kowace kalma ta fito. Ga kuma matarsa da ta yi abin kunya a taga. Na ɗauki fulas ɗina na koma kujerar bakin ofis na zauna. Wannan karon ban tashi ba.

Da ƙofar ta buɗe shi kaɗai ya fito. Fuskarsa ba ta gaya mini komai ba, dama tun ciwon nan rabinta ba ta magana. Ya zauna kusa da ni a hankali, ya jingine sanda, ya share zufa.

"Ya... ce..."

Kalmomi goma suka taso mini a maƙogwaro. Ya ce a'a? Ya ce sai an yi shawara? Ya ce ka huta? Na danne leɓena da haƙori har na ji ɗanɗanon jini. Leɓensa na motsi, jijiyar wuyansa ta tashi. Masinja ya wuce ya dube mu. Wata malama ta wuce da littattafai. Ni dai ina kallon bakin mijina, ban ce komai ba.

"Ya ce... Litinin... in... dawo."

Hawaye suka zubo mini shar. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga yatsa ɗaya, alamar bai gama ba. Na rufe.

"Ke... kuma... Rediyo... kin... faɗi... jarrabawa."

Na yi dariya cikin kuka, na gyaɗa kai. Yatsan dai bai sauka ba. Ya ja numfashi, ya daɗe yana nema, ya fi na ɗazu daɗewa. Na jira.

"Kuma... ni... ba na... son... shayi." Ya haɗiyi yawu. "Ruwa... nake... cewa. Tun... tuni."

Na dube shi. Na tuna kofunan shayin da na dinga dura wa bawan Allah nan safe da yamma tsawon watanni, yana karɓa yana shanyewa. Ban ce yi haƙuri ba, ban ce don me ba ka faɗa ba. Na buɗe fulas ɗin, ƙanƙarar da ta rage ta narke ta zama ruwa mai sanyi. Na tsiyaya masa a murfin na miƙa masa, ya karɓa da hagu ya shanye, ya miƙo mini na ƙara masa.